Ɗakin kwano da ɗakin ƙasa

A watan Afrilu, zafin Damagaram yakan wuce digiri 40 ko a cikin inuwa. A lokacin ne ake gane ɗakin da ke hutar da mai shi.

Zafi kullum yana tashi daga abu mai zafi zuwa abu mai sanyi. Cikin ƙarfe gudu yake yi. Cikin icce kuwa, rarrafe yake yi. Shi ya sa cokalin da aka bari cikin tukunyar miya yake ƙona hannu, amma muciya ba ta ƙonawa.

Wani tsohon magini ya san wannan tun yana yaro. Ran nan wani manomi ya saida gyaɗarsa, ya zo wurinsa yana so a gina ma tsohuwarsa ɗakin kwano. Ya ce kwano ba ya yoyo da damina, kuma ba ya son yaɓe kowace shekara.

Magini ya ce: «Gaskiyarka, ɗana. Amma ka tuna da bazara. Tsofaffi da jarirai su ne zafi ya fi wahalarwa.»

Kwano ƙarfe ne marar kauri. Da rana ta buge shi, nan da nan sai ya yi zafi, ya zubo zafin a kan mutanen ɗaki. Da dare kuma sai ya huce da sauri, har ɗari ya shigo da hunturu.

Ƙasa ba haka take ba. Bango mai kauri kamar rumbu yake: yana tara zafi sannu sannu. Kafin zafin ya ratsa shi, rana ta kusa faɗuwa. Da dare sai ya saki abin da ya tara. Da hunturu wannan ɗumi alheri ne. Da bazara kuwa, sai a buɗe taga ko a kwana tsakar gida. Mutanen Agadas sun daɗe da sanin haka. Da ƙasa suka gina tsohon garinsu, har da hasumiyar masallaci mai tsawon mita 27.

Manomi ya ce ya riga ya sayi kwanon. Magini bai yi faɗa ba. Ya yi bango mai kauri, ya ɗaga rufin sama. Ƙarƙashin kwanon ya shimfiɗa zana da tabarmi, don iskar da ke maƙale cikin ciyawa ba ta barin zafi ya wuce da sauri. Sa'an nan ya ce a dasa dogon yaro wajen yamma.

Yara, ku gwada da kanku. Ku aje guntun kwano da tubali a rana tun da safe. Ku taɓa su a hankali da azahar, ku sake taɓa su bayan magariba. Wane ne ya riga yin zafi? Wane ne ya riga hucewa?