Abin da 'Yan Aikatau Suka Koya Mini

Mai safarar yara a wajenmu da sallama take shigowa gida. Dillaliya ce da kowa ya sani daga Damaga har Talata Mafara, ta zauna kan tabarma ta ce akwai wata Hajiya a Kano ko Abuja mai neman yarinyar wanke-wanke. Tun da 'yan bindiga suka raba manoman Maradun da Bakura da gonakinsu, cewa a'a ta yi wa iyaye wuya. Ni malamar firamare ce, kuma daga bakin ɗalibaina da suka je suka dawo na ɗauki darussa uku.

Na farko, wadda aka yi safararta ba mai laifi ba ce. Wata ta dawo bayan shekara biyu, tafin hannunta duk ya tsattsage saboda wanki, kayanta a leda. Kuɗin aikinta kuwa dillaliya ke karɓa duk wata. Da ta shiga gida, abin da gwaggonta ta fara tambaya shi ne, "Me kika yi aka koro ki?" Daga ranar ta kama bakinta, kuma wannan shirun shi ke rufa wa dillalai asiri.

Na biyu, kamu kaɗai ba ya kashe wannan sana'a. An kafa hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, a 2003, aka sabunta dokarta a 2015, tana kuma da ofishin shiyya a Sakkwato. Dokar ta tanadar wa wanda aka cuta mafaka da magani da damar neman diyya. Amma in yarinya ta dawo ta tarar da rumbu wayam, makaranta a rufe, dillaliya ta gaba tana nan tana jira.

Na uku, kariya haƙƙi ce, ba alfarma ba. Hadizatu Mani 'yar Nijar an sayar da ita tana da shekara 12. A 2008 kotun ECOWAS ta kama gwamnatin ƙasarta da laifin kasa kare ta daga bauta, ta umarci gwamnatin ta biya ta sefa miliyan 10.

Iyaye, kafin ku ba da ɗiya ku tambaya: gidan wa za ta? Za ta yi karatu? Wa zai riƙe kuɗinta? In amsa ta gagara, ku bar ta a gabanku.