Littafin Mai Zanen Hula

Duk hular hannu da mutum ya ɗora a kansa ranar Juma'a, mutum huɗu ko biyar ne suka taɓa ta kafin ta iso gare shi. Akwai wanda ya yanka farin yadin, akwai wadda ta zauna makonni tana bin sa da allura, akwai mai wankin hula da ya sa mata sitaci ya ɗora ta a kan ice ta bushe, sannan mu 'yan kasuwa da muke jera ta a shago. Amma kafin allura ta shiga, sai wani ya zauna da biro ya shata fasalin da za a bi. Shi ne mai zane, kuma shi ne ba a tambayar sunansa. Mai saye yakan ce, "Wannan aikin Bama ne?" ko ya ce, "Nawa za a bari?" Har yau ba mu ji wanda ya tambayi wa ya zana ta ba.

Mu da muka kai shekara 30 muna sayar da huluna da zare a garin nan mun san kasuwar a hannun mai zanen take. Hula takan daɗe ba ta yage ba, yayinta ne ke wucewa. Zanna, Damanga, Bangwal, Tangaran, kowace da irin fasalin da ake so a lokacinta. Idan sabon fasali ya fito, wanda ya fara kawo shi kasuwa shi ke cin ribar Sallah guda. Kafin Sallar gaba an kwaikwaye shi a Kano, na inji ma sun fito, farashi ya sauka, sai kowa ya koma neman sabo. To daga ina sabon yake fitowa?

Akwai wani bawan Allah a nan Wulari, masu sallah a masallacinmu sun san shi, yakan tsaya a sahun farko wajen taga. Shekara da shekaru shi ke yi mana zanen hula, kuma a wajensa muka ga amsar tambayar nan. Yana da littafin lissafi irin na 'yan firamare, mai ƙananan gidaje, da biro uku, baƙi da ja da shuɗi. Kowace safiya bayan asuba, kafin ya karya, sai ya cika shafi ɗaya. Ko akwai aikin da aka ba shi ko babu, ko yana jin daɗin jikinsa ko ba ya ji. Yakan rubuta kwanan wata a sama, na Hijira da na Bature. Kuma yana da doka guda: ba ya yaga shafi, komai muninsa. Ya ce mana, "Liman, wanda ya ɓaci yau shi ke nuna min inda zan gyara gobe. In na yage shi, da me zan gwada?"

Abin da yake zanawa duk abubuwan da muke wucewa ne kullum ba mu kula ba. Ganyen darbejiyar da ta cika titunan garin nan. Sawun tayar Keke Napep a kan yashi. Ƙarfen taga da masu walda suka lanƙwasa. Saƙar faifai da tabarma. Ɓawon jikin bargi da ya gani a kasuwar kifi ta Baga Road. Lallen da aka yi wa 'yarsa ranar biki. Ya nuna mana yadda ya bi ganyen darbejiya ɗaya har kwana 7. Ranar farko ya zana shi yadda Allah Ya halicce shi, da jijiyoyinsa da haƙoransa. Kashegari ya cire jijiyoyin. Rana ta uku ya miƙe lanƙwasar ta zama kusurwa. Kafin rana ta bakwai babu mai cewa ganye ne, amma ga fasali nan tsaf wanda allura za ta iya bi.

A nan ne muka gane cewa aikin da lissafi a cikinsa. Biro yana lanƙwasa yadda ya ga dama, zare kuwa sai ya bi layin yadi, gida-gida. Sannan zanen jikin hula zagaye yake yi, inda ya fara nan zai dawo ya ƙare. In mai zane bai raba tsawon yadin daidai ba, gida ɗaya zai yanke a mahaɗa, kuma duk mai ido zai gani daga nesa. Irin wannan hular ko an rage kuɗinta sai ta daɗe a shago. Shi ya sa yake aiki da littafi mai gidaje. Yana kuma da ɗan guntun madubi da yake tsayarwa a gefen zane, don ya ga yadda rabin fasali zai kasance idan an ninka shi, tun kafin ya ɓata yadi.

Ranakun da babu aiki da yawa, gwaje-gwaje yake yi. Wani lokaci ya zana da hannun hagu don ya ga abin da hannun da bai saba ba zai haifar. Wani lokaci ya ɗora biro ya ce ba zai ɗaga shi ba sai shafi ya cika. Ya gwada tawadar zoɓo, ta goro, ta ganyen shayi, da ta gawayi da ƙaro irin ta allo. Ya gano cewa in aka ɗiga ruwan kanwa a kan jan zoɓo sai ya rikiɗe ya yi duhu, ya tasam ma kore, ya samu launi biyu daga kofi ɗaya. In takarda ta ƙare, takardar buhun siminti ma ba ta tsira ba. Yanzu kuma ɗansa yakan ɗauki hoton shafin da waya ya tura wa masu ɗinki ta WhatsApp, su zaɓi launin zare kafin a yanka yadi. Cikin ɗaruruwan shafukan da yake cikawa a shekara, waɗanda suke kaiwa kan hula ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran duk share fage ne.

Da madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya shiga gari, tsofaffin littattafansa suna ajiye cikin jaka a wani ɗaki kusa da kasuwa. Da ruwa ya janye ya je ya kwaso su, ya shanya su a kan rufin kwano yana ɓamɓare shafi ɗaya bayan ɗaya. Na biro da fensir sun tsira. Na zoɓo da gawayi sun wanke tas, sai kwanan watan da ya rage a sama. Mun yi masa jaje kamar yadda aka yi wa kowa, domin a lokacin wasu gidajensu da dukiyarsu suka rasa, wasu ma rayuka. Abin da ya ba mu mamaki shi ne a kwanakin nan ma bai tsallake safiya ko ɗaya ba. Layukan da ruwa ya bari a jikin bango, ɗaya saman ɗaya, su ya riƙa zanawa. Daga baya ya mai da su bakin hula. Ba ta karɓu sosai ba, kaɗan muka sayar, amma tana nan a littafi.

Wannan ɗabi'a ta shafi ɗaya kullum ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Da yawa daga iyayenmu da suka taso daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram, karatu ne ya kawo su gabas kafin kasuwanci ya zaunar da su, wasu tun kafin jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964. Abin da suka zo nema shi ne tilawa da hannun rubutu irin na Barno. Kuma ta yaya ake samun hannun? Kolo ya rubuta allo yau, ya wanke, gobe ya sake, shekara da shekaru, har ya kai gardi, har ya zama alaramman da zai zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka. Rubutun ƙasar nan tsoho ne. Cikin tsofaffin Alƙur'anan Barno akwai wanda ke ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, wato 1669.

Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu daga cikin gafaka ya san akwai zane a ciki. Izu 60 ne, kowane izu da sumuni 8, kun ga wuri 480 ke nan da marubuci zai yi wa alama a gefen takarda, ga kuma alamomin sujada. Gwanayen marubuta ba su cika maimaita fasali ɗaya ba, kowace alama da ɗan abin da ya bambanta ta. Sannan ga manyan zayyanoni a farko, da wajen Suratul A'araf, da Maryam, da Sad, inda ake raba Littafin gida huɗu. Ga jan wasali, ga ɗigon rawaya da na kore. Allon zayyanar da muke saya wa yaranmu ranar sauka, muna ɗaukar hoto da shi, ai wani ne ya zauna da alƙalami ya zana shi, kuma bai iya a rana ɗaya ba.

Dalilin da ya sa muka kawo maganar nan cikin mujallarmu shi ne abin da ke faruwa a gidajenmu. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, uba ya tare mu bayan sallar isha'i ya ce, "Malam, yaron nan ya cika bayan littafinsa da zane-zane, na yage shi." Yaro ya yi zane, uba ya zane shi. In ka tambayi dalili, ɗayan biyu ne: ko a ce ɓata lokaci ne, ko a ce haramun ne.

Game da hukunci, abin da muka karanta a gaban malamanmu shi ne akwai rarrabewa. Malaman Malikiyya sun haramta sassaƙa ko gina surar abu mai rai, cikakkiyar halitta, mai inuwa, irin gunki. Surar mai rai da ke shafe a kan takarda ko bango kuwa, da yawansu a karhanci suka tsaya, wasu malaman kuma sun tsananta sun hana gaba ɗaya, kuma wanda ya bi wannan don tsantseni ba a zarginsa. Amma bishiya, fure, gida, mota, jirgi, dagi da sauran fasali marasa rai, jumhurun malamai sun halatta. A cikin Bukhari an ruwaito wani mutum ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya gaya masa da zane yake ci da iyalinsa. Ya tsoratar da shi game da surar masu rai, sannan ya nuna masa ya riƙa yin bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Bai ce masa ya bar sana'ar ba, ƙofar halal ya nuna masa. Mu ma abin da ya kamace mu da yaranmu ke nan.

Game da ɓata lokaci kuwa, mu dubi garin nan. Da mutanen Bama suka yi gudun hijira zuwa Maiduguri a 2014, da yawa ba su fito da komai ba sai abin da hannunsu ya iya. Allura da zare suka ciyar da gidaje masu yawa a sansanoni da cikin unguwanni, kuma kowace hula da aka ɗinka sai da wani ya fara zana ta. Telan da ke aikin wuyan riga, mai waldan da ke ƙera ƙofa, kafinta, mai lalle, mai tsara gini, yaron da ke zaune gaban kwamfuta yana haɗa allon shago da katin biki, duk ido ɗaya suke ci da shi. Kwamfuta ta karɓe aikin masu rubuta allon shago da fenti, gaskiya ne, amma wanda bai san inda layi ya karkace ba ko an ba shi kwamfuta karkataccen zai fitar. Ga mai son zurfafawa, ana koyar da zane a Jami'ar Maiduguri da ta Ahmadu Bello a Zariya.

Mu 'yan kasuwa ma da laifinmu a sana'ar. Muna biyan mai zane kuɗin hula ɗaya, mu ɗauki fasalin mu buga ɗari, shi kuma ko goro babu. In aka ci gaba a haka, ɗan da ya ga yadda ubansa ya ƙare ba zai ɗauki biro ba, mu kuma mu koma sayar da na inji iri ɗaya da na kowa. Wanda ya kawo sabon fasali ya kamata a ware masa wani abu a kan hulunan farko da aka sayar. Wannan hakki ne, kuma za a tambaye mu.

Roƙonmu ga iyaye kaɗan ne. In kun ga yaro ko yarinya hannunsu na ƙaiƙayin zane, ku saya musu littafi daban, don su bar na makaranta. Ku kafa musu iyaka: ban da lokacin darasi, ban da gefen Alƙur'ani da littattafan addini, ban da zana mutane don a yi musu dariya. Ku ce su rubuta kwanan wata a kowane shafi, kada su yaga ko ɗaya. Bayan wata uku ku zauna tare ku buɗe shafin farko da na ƙarshe. A nan za ku gane ko wasa ne ko kuwa akwai abin da Allah Ya ajiye a hannun.

Mun yi magana da mai zanen namu, ya kuma yarda zai riƙa zama a rumfar masallaci duk ranar Alhamis bayan la'asar, tunda ranar babu Islamiyya. Zai fara da raba gida da alamomin sumuni, daga baya a shiga jikin hula. 'Yan mata kuma za a haɗa su da wata baiwar Allah mai ɗinki da lalle a cikin gida. Ba a biyan ko sisi. Yaro ya zo da littafin lissafi mai gidaje da biro ɗaya, madubi akwai.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba su sana'a ta halal, Ya ƙara wa Barno zaman lafiya. Amin.