Kwana Huɗu A Mota: Daga Sagnarigu Zuwa Salaga, Mole Da Paga

Duk lokacin da aka ba yara hutun makaranta, sai ka ga magidanta a nan Sagnarigu da Tamale suna lissafin kuɗin motar Kumashi ko Ankara, sai ka ce babu abin gani a Arewa. Ni ma haka nake, har ran da ɗana ya tambaye ni ina ne Gwanja, domin ya ji kakarsa tana cewa fataucin goro ne ya kawo kakanmu Gwanja daga Kano. Na ce masa ai a bakin Gwanja muke zaune. Ya ce, "To Baba, me ya sa ba mu taɓa zuwa ba?" Na rasa amsa. Da hunturu ya shigo sai na sa aka duba mota, na ɗebi iyali muka yi kwana huɗu muna zagaya ƙasar. Ga yadda muka bi, ko wani zai amfana.

Baƙon da ya zo daga nesa ya mai da Tamale masaukinsa, domin duk hanyoyin nan daga nan suke tashi. Garin ya zama hedikwatar Arewa tun 1907, lokacin da Turawan Ingila suka taso daga Gambaga, ita kuwa Sagnarigu an yanke ta daga Tamale a 2012 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Masauki ba ya wuya. Akwai Gariba Lodge da Mariam Hotel ga mai hali, akwai kuma ƙananan gidajen baƙi masu rahusa a unguwanni.

Rana ta farko: Salaga

Salaga tana kudu maso gabas da Tamale, tafiyar kusan kilomita 120. Wanda ya ga garin yau ba zai yarda cewa a ƙarni na 19 sunansa ya kai Kano da Sakkwato da Borno ba. A nan ayarin Hausawa yake sauke kaya bayan tafiyar watanni, madugu da jagaba da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su sayi goron da aka kawo daga dajin Ashanti su juya gida. Kasuwar ta fara ja da baya bayan Turawa sun ci Kumashi a 1874, sa'an nan yaƙin basasa na 1892 ya watsa mutanen garin zuwa Kete-Karachi da Yeji da sauran wurare. Shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete-Karachi inda ya rasu a 1934.

Amma jama'a, ba goro kaɗai aka sayar a Salaga ba. An sayar da mutane. Mai yi mana jagora ya nuna mana filin tsohuwar kasuwar bayi da rijiyoyin da aka haƙa birjik a bayan gari, sa'an nan ya kai mu wani wuri da har yau ake kira Wankan Bayi, inda ake yi wa bayi wanka kafin a kai su kasuwa. Akwai kuma Rafin Angulu, inda ake jefar da waɗanda suka mutu. Ɗana ya ce, "Baba, ai sunayen nan Hausa ne." Na ce masa haka ne, kuma wannan ya nuna da hannun mutanenmu a cikin cinikin. Na ga ya fi kyau ya ji daga bakina, a tsaye a wurin, da ya ji daga bakin wani yana goranta masa. Duk uban da zai kai 'ya'yansa Salaga ya shirya amsar wannan tambaya tun daga gida.

In an yi sammako ana iya komowa Tamale kafin magariba. Mu haka muka yi.

Rana ta biyu da ta uku: Larabanga da Mole

Daga Tamale sai a ɗauki hanyar Kumashi, a ƙetare gadar kogin Volta a Yapei, a Fufulso kuma a karya dama zuwa Damongo. Dā wannan hanya ita ce mai kashe mota, amma tun da aka gama shimfiɗa mata kwalta a 2015 tafiya ta yi sauƙi. Damongo ce mazaunin Yagbonwura, babban sarkin Gwanja, kuma tun 2019 ita ce hedikwatar yankin Savannah. A cika tanki a nan, a sayi ruwa da burodi.

Gaba kaɗan sai Larabanga. Masallacin garin ƙarami ne, ginin laka da farin shafe, itatuwa sun fito ta jikinsa kamar na masallacin Agadas, ga tsohuwar kuka a jingine da shi. Mutanen garin suna cewa an gina shi a 1421, kuma yana cikin masallatai mafi tsufa a ƙasar Gana. Wani abin lura shi ne, a shekarun 1970 an shafe shi da siminti don a kare shi, ashe simintin yana riƙe laima a cikin bango, gara ta shiga itatuwa, ginin ya fara lalacewa. Sai bayan 2002 aka kankare simintin aka koma ga laka irin ta dā. Har yanzu ana salla a cikinsa, saboda haka a je da shiga ta mutunci, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, a kuma daidaita da mai jagora kan kuɗi tun kafin a fara zagaya.

Ƙofar gandun dajin Mole tana kusa da Larabanga, kusan kilomita 150 ke nan daga Tamale. Shi ne gandu mafi girma a Gana, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500, an kuma mai da shi gandun ƙasa a 1971. Masauki biyu ne sanannu a ciki. Mole Motel ita ce ta masu matsakaicin ƙarfi, tana bisa tudu, daga farfajiyarta kana hango tafkunan da namun daji suke shan ruwa. Zaina Lodge kuwa sai mai kauri. In lokacin hutu ne a kama ɗaki tun da wuri.

Da sassafe ma'aikacin gandu riƙe da bindiga ya ja mu a ƙafa zuwa bakin tafki. Mun ga mariya da mugun dawa da gwaggon biri, can sai ga giwaye sun fito daga cikin itatuwa suna shiga ruwa. Ƙaramar 'yata da take surutu tun daga gida ta yi tsit, ta riƙe hannun uwarta. Gani ya kori ji. A bi umarnin ma'aikaci, kada a matsa kusa da giwa, kuma kada a bar abinci a fili, domin birai sun ɗauke mana burodin karin kumallo muna kallo. Da la'asar muka koma Tamale.

Rana ta huɗu: Bolga da Paga

Hanyar arewa ta bi ta Savelugu da Walewale zuwa Bolgatanga, kusan kilomita 160. A kasuwar Bolga ake samun kwandunan saƙa masu launi da har ƙasashen Turai ake kai su, ga fugu da kayan fata. Daga nan sai Navrongo, inda akwai tsohuwar cocin Katolika ta laka, mata sun yi wa bangonta zane na gargajiya. Paga tana bakin iyaka da Burkina Faso. Mutanen garin ba sa kashe kada, suna ɗaukar kadojin tafkinsu kamar dangi. Za a sa ka sayi kaza, a kira kada ya fito tudu, mai ƙarfin hali ya taɓa wutsiyarsa. Ni dai daga nesa na tsaya. Kusa da garin akwai Pikworo, sansanin da ake tara bayi kafin a kora su kudu, har ana nuna ramukan da aka fafe a jikin dutse inda suke cin abinci. Da muka gan su sai ɗana ya ce daga nan ke nan ake kai su Salaga. A kwana a Bolga, gidajen baƙi suna da yawa.

Mai sauran kwana ya ƙara da Yendi, gabas da Tamale, ya ga fadar Gbewaa ta Yaa Naa sarkin Dagwamba da kabarin Babatu, mayaƙin Zabarmawa.

Shawara ga direba

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suna taruwa a bakin ruwa, sai dai zafin Maris ba wasa ba ne. Kada a yi tafiyar dare, saboda shanu da babura marasa fitila. A riƙe takardun mota da lasisi, domin akwai shingen 'yan sanda. A tambayi direbobin tasha halin hanya kafin a tashi. Batun harshe kuwa kada ya dami kowa, duk garin da muka sauka mun tarar da zango, mun yi cinikin koko da ƙosai da Hausa.

Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya, amin.