Tsofaffin 'yan mishan a karkarar Kano, da tambayar da suka bar wa masu ritayarmu

Rubutun yau yana da tsawo, kuma ya ratsa ta gefen addini, don haka a daure a kai ƙarshe kafin a yanke hukunci.

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ta Bichi, ko ya ratsa ta Ungogo zuwa Minjibir, ya san irin ƙasar da nake nufi. Gona na manne da gona, babu dajin kirki a tsakani, gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya shekara bayan shekara, jakuna na ɗauko taki a mangala, gawo da ɗorawa da kuka na tsaye a tsakiyar kunyoyi, kuma kafin ka fita daga wannan ƙauye ka hango rumbunan na gaba. A cikin wannan cunkoson manoma ne wasu Turawa daga Amurka da Kanada da Ingila suka zo suka zauna tun daga shekarun 1930, da yawansu miji da mata, wasunsu sun zo da baƙin gashi, furfura ta riske su a nan. Abin da nake son kafawa shi ne, sawun da suka bari a karkara ya samo asali ne daga daɗewar zamansu a wuri ɗaya suna maimaita ƙananan ayyuka kullum, fiye da yadda ya samo asali daga wa'azinsu ko kuɗinsu. Kuma wannan zaman shi ne abin da dattawanmu masu ilimi suke ƙyamata a yau.

Shigowarsu ba ta zo da sauƙi ba. A 1900 ayarin 'yan mishan na Bishop Tugwell, wanda Likita Walter Miller ke ciki, ya iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan Turawan mulki sun ci ƙasar a 1903, su ma sun daɗe suna hana 'yan mishan kafa tasha a masarautun Musulmi, domin sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, kuma ba sa son rigima. Cuta ce ta buɗe ƙofar. A 1937, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka damƙa wa ƙungiyar 'yan mishan ta SIM kula da sansanin masu kuturta na Yadakunya, wanda jama'a suka fi sani yanzu da asibitin Bela, kamar yadda aka damƙa mata Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. A 1943 SIM ta buɗe asibitin ido na Kano ƙarƙashin Likita Hursh, ga kuma ƙananan tashoshi irin na Tofa da Roni. A ƙetaren iyaka, Likita Burt Long da matarsa Ruth suka fara asibitin Galmi a Nijar a 1950, asibitin da har gobe mutanen Illela da Konni suna zuwa.

To yaya yinin irin waɗannan ma'aurata yake a ƙaramar tashar karkara? Babu wani abin burgewa a ciki. Gida ne na ƙasa ko na bulo mai rufin kwano, babu lantarki, sai fitilar kananzir, ruwan rijiya a tafasa a tace kafin a sha, a haɗiyi maganin zazzaɓi kullum, a kwana a gidan sauro cikin zafin bazara. Kafin hantsi majinyata sun yi layi a gindin bishiya gaban ɗakin shan magani, wasu sun taho a ƙafa tun asuba. Yawancin abin da ake kawowa gyambo ne, da ciwon ido, da zazzaɓi, da tari, da yaron da gudawa ta zuƙe. Ga mai kuturta kuwa, kafin zuwan ƙwayar dapsone wajen 1950, allurar wani mai ake yi masa, mai tsananin zafi kuma amfaninta kaɗan, saboda haka babban aikin shi ne kula da gaɓoɓi. Cutar tana kashe jijiyar ji, mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai sani ba, har miki ya ci yatsun. Sai a zaunar da shi, a tsoma ƙafarsa cikin kwanon ruwa, a kankare kantar da ta taurare, a shafa mai, a wanke mikin a ɗaure, a rubuta a kati, gobe a sake. Wannan ƙafar da danginsa ba sa son kallo, tsohuwar Baturiya ce ke ɗora ta a kan cinyarta. Da rana mijin ya koma gyaran famfo ko mota, ko lissafin magani, ko ya hau keke ya zaga ƙauyuka, da yamma a koyar da karatun boko ga wanda yake so, da dare a rubuta wasiƙu ga coci-cocin da ke aiko da kuɗi. 'Ya'yansu kuwa tun suna ƙanana ake kai su makarantar kwana a Miango kusa da Jos, sai hutu a gan su.

Abu biyu ne suka ba wannan zama nauyi, kuma su ne suka fi damuna. Na farko, zuwa da iyali. A ƙasar da baƙon namiji iyakarsa zaure, likita komai ƙwarewarsa rabin jama'a kawai yake gani. Matar ce ke yin sallama ta shige cikin gida, ta ga mai naƙudar da ta kwana biyu a durƙushe, ta ga jaririn da aka yanke wa cibiya da tsohuwar reza, ta ji abin da mace ba za ta faɗa wa namiji ba ko da mijinta ne. Sannan gwauro baƙo abin zargi ne a ƙauye, magidanci kuwa ana iya ba shi amana. Na biyu, shekaru. Bahaushe ba ya jin maganar yaro a kan lafiyar matarsa ko tarbiyyar 'ya'yansa, amma wanda ya shekara ashirin a gari, ya iya gaisuwa da Hausa har da tambayar gajiya da gida da ruwan bana, ya je ta'aziyyar uba kuma ya halarci sunan jika, wannan dagaci da liman ma suna zama su saurare shi. Sun ɗauki koyon harshe da gaske. Kafin a saki sabon zuwa ya yi aiki sai ya zauna ya koyi Hausa, kuma tun 1932 an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja: ai ba don Allah da mu suka zo ba, sun zo ne su raba mutane da addininsu, magani tarko ne. Ban musa niyyar ba, su ma ba su ɓoye ta ba. Ana yin addu'a da wa'azi kafin a fara ba da magani, kuma mara lafiyar da ba shi da wani asibitin ba za a ce yana da cikakken zaɓi ba. Akwai kuma wariya a rayuwar da yawansu, gidan Bature daban, teburinsa daban, ɗan ƙasa ya daɗe yana mataimaki ko da ya fi shi sanin aikin, kuma sai a 1976 SIM ta miƙa ayyukanta a hannun cocin ECWA, wanda aka kafa tun 1954. Amma a duba sakamakon. Bayan shekaru arba'in, ƙauyukan Musulmi na arewacin Kano suna nan a Musuluncinsu. Waɗanda suka bi su galibi Maguzawa ne, da wasu daga cikin masu kuturta da marayu, wato mutanen da maƙwabtansu suka daɗe da juya wa baya. Duk wanda wannan ya ɓata wa rai, sai ya tambayi kansa wa ya hana kakanninmu wanke waɗancan ƙafafun. Jikokin waɗannan mutane Hausawa ne 'yan'uwanmu Kirista, tare muke cin kasuwa ɗaya, kuma suna da haƙƙin a ba da tarihinsu ba tare da zagi ba.

Wasu kuma za su ce ai wannan salon Nasara ne, ba namu ba. Wannan kam rashin sanin gida ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar a ƙasar Zamfara yana karantar da talakawa, maza da mata, kafin a yi maganar jihadi. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa mata dattijai masu kamala a matsayin jaji, ta ba su malfa, su koma ƙauyukansu suna koyar da matan da ba za su iya fita ba. Ta zaɓi manyan mata ne saboda dalilin da na ambata a sama: su ne ke shiga ko'ina, su ake jin maganarsu. Dabarar tura dattijo ya zauna cikin mutane ta riga zuwan Bature ƙasar nan.

Yanzu a dubi halin da muke ciki. Galibi ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, sau da yawa da sauran ƙarfinsa. Kano cike take da tsofaffin nas-nas, da ungozomomin asibiti, da malaman makaranta, da malaman gona, da masu haɗa magani, da yawansu a waɗannan ƙauyukan aka binne cibiyarsu. Suna ina? Suna cikin birni, daga majalisa zuwa masallaci zuwa ɗaurin aure, alhali ɗakin shan maganin garinsu yana hannun matashi ɗaya, wata rana ma a kulle. Taimakon da muka iya shi ne na yini guda: a ɗauko motoci ranar Asabar, a raba shinkafa da atamfa, a auna hawan jini, a ɗauki hoto a sa a Facebook, kafin la'asar an kama hanyar gida. Ba na raina sadaka, Allah Ya ba da lada. Sai dai hawan jinin da aka auna yau yana bukatar wanda zai sake aunawa wata mai zuwa, kuma cutar kuturta, wadda har yanzu ana samun sababbin masu ita sama da dubu a Nijeriya duk shekara, maganinta kyauta ne amma sai an sha shi wata shida ko shekara ba fashi, sai da mai bibiya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan maganata ita ce ta aljihu da ta tsaro. Bature yana da coci a bayansa mai aiko da kuɗi duk wata, yana da hutu a ƙasarsa, yana da inda zai koma in jiki ya ƙi. Namu mai ritayar yana bin giratutinsa shekara da shekaru, fanshon bai kai kuɗin maganinsa ba, ga 'ya'ya da jikoki a wuyansa. Ga kuma 'yan bindiga da suka fara taɓa ƙauyukan da ke iyaka da Katsina, inda baƙo mai alamar rufin asiri shi ne abin farauta. Duk gaskiya ne, kuma ba wanda zai ce wa dattijo ya kai kansa ga halaka. Amma wannan hujjar tana nuna mana inda giɓin yake ne. Kuɗin da ya riƙe waɗancan ma'aurata taro da sisi ne na talakawan coci, aka tsara shi ya zama albashi mai ɗorewa. Mu da muke da zakka da waƙafi, da Hukumar Zakka da Hubusi, da ƙungiyoyin ci gaban gari, da attajiran da ke gina masallaci na uku a layi ɗaya, ba za mu rasa abin gina ɗaki biyu da rijiya da fitilar sola kusa da asibitin ƙauye ba, da ɗan alawus na wata ga Baba da Hajiya da suka yarda su zauna. Kuma mafi yawan garuruwan Dambatta, Makoɗa, Minjibir da Dawakin Tofa lafiya ake kwana, tafiyar awa ɗaya ce zuwa birni, ga waya a hannu, abin da Baturen 1940 bai taɓa mafarki ba.

Saboda haka ga roƙona ga 'yan ƙungiyoyin gari da kwamitocin masallatai da ke karanta wannan. A taronku na gaba, ku lissafa 'yan garinku da suka yi ritaya daga aikin lafiya ko koyarwa, ku je har gida ku gaishe su tare da iyalansu, ku tambaye su me zai sa su dawo gida ko da kwana huɗu a mako na tsawon shekara biyu, sannan ku yi lissafin kuɗinsa. Iyayenmu masu ritaya kuma, Allah Ya ƙara muku lafiya, in an zo muku da maganar, a saurara kafin a ce a'a.