Zauren allura a birnin Zazzau

Gidanmu ba gidan sarauta ba ne, amma da yawa daga cikin rigunan da hakimai ke hawan Sallah da su daga zaurenmu suka fita. Kakanmu ne ya kafa sana'ar. Malamin allo ne, kuma a zamaninsu allura da alƙalami tare suke tafiya. Malami kan yi ɗinki tsakanin karatun safe da na yamma don kada ya zauna jiran sadaka. Da allura da zare da buzun zama kakanmu ya fara.

Babbar riga ba aikin mutum ɗaya ba ce. Tela ya haɗa ƙyallayen saƙi, sannan a kawo wa Malam ya zana. Da alƙalamin kara yake fitar da aska biyu ko aska takwas a ƙirji, ya kewaya tambari, ya jera gidan biyar, ba tare da ma'auni ba. Daga nan sai 'ya'yansa da manyan almajirai su karɓa. Sabon shiga sai ya daɗe yana zura zare a allura kafin a bar shi ya taɓa rigar mutane. In ya karkace, Malam ba ya faɗa. Sai ya ce, "Ɗana, warware," kuma a warware ɗin, ko aikin yini ne.

Zaren tsamiya shi ne abin alfaharinmu. Gidan tsutsa ake tafasawa da ruwan toka, tsofaffin mata su kaɗa shi da mazari. Ba shi da ƙyalli, launinsa ƙasa-ƙasa ne, amma wanda ya san riga daga nesa yake gane shi. Alharini, jan silikin nan da fatake ke kawowa ta hamada daga Tarabulus, mu a shafin tsofaffin riguna kawai muka tarar da shi. Riga ɗaya kan ci watanni, sannan a kai ta mabuga a buge ta har ta kwanta tana sheƙi. Mai riga ba ya gaggawa. Ya zo ya zauna, a gaisa, ya duba inda aka kai, ya ce Allah ya yi albarka.

Bunƙasar ta zo ne a hannun Baffa, a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka shigo, shadda ta wadata, ma'aikaci da ɗan kasuwa kowa na son babbar riga. Aiki ya fi ƙarfin zaure, sai ya shiga cikin gida. A ganina wannan ne babban abin da ya faru a tarihin sana'ar, ko da yake ba a cika faɗa ba. Iyayenmu mata, waɗanda a da hula kaɗai suke ɗinkawa, suka koyi aikin riga. Mu yara ne 'yan aike, mu kai zane, mu karɓo aiki. Da kuɗin allura Goggo ta yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki. Dillalai suka riƙa kwasar kaya zuwa kasuwar Kurmi a Kano, wasu har Ikko.

Bayan 1986 darajar naira ta faɗi, zare da yadi suka yi tsada. Baffa ya sayi keken surfani ya buɗe shago, ya kuwa yi daidai, don shi ya riƙe gidan. Yau jikoki da injin kwamfuta suke aiki, yana gama wuyan riga cikin sa'o'i, ciniki kuma yana zuwa ta waya.

Har yanzu akwai masu ɗinkin hannu a lungunan birni, mafi yawansu mata, sai dai ladan da ake ba su bai kai wahalar idonsu ba. Mai karatu, in za ka yi rigar aure ko ta naɗi, ka neme su, kuma in sun faɗi kuɗin aikinsu kada ka tsaya ja-in-ja.