Yadda Ɗanjuma Ya Koma Bayan Zubairu

Mun ji gunagunin da ya biyo bayan takardar sunayen 'yan adashi da muka liƙa a ƙofar masallaci, sabo da haka ga gaskiyar abin da ya faru, don kada zumunci ya ɓaci a banza.

Tun farko an yarda bisa jerin harufa za a riƙa ɗauka, kada a ce an fifita wani. To, da muka ba yaranmu sunayen su jera a kwamfuta, sai ga kowane Ɗanjuma da Ɗanladi ya faɗo can ƙasa, bayan Yakubu da Zubairu. Wani dattijonmu, wanda ya sa rai zai ɗauka kafin Salla, ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwarmu. Ba mu ga laifinsa ba.

Ba wanda ya yi wannan da gangan. Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode, A lambarsa 65, D 68, Z 90, amma Ɗ 394 ne, Ƙ kuwa 408. Yaran sun bar ta ta bi lamba zalla, watau duk harafi mai ƙugiya ya koma bayan Z. Maƙwabtanmu masu rubuta Twi haka su ke sha da ɛ da ɔ.

Ashe akwai magani. Sai mai tsara aikin ya gaya mata harshen da za ta bi. Akwai kundin ƙa'idodi da a ke kira CLDR, alamar Hausa a ciki ita ce ha, ta Hausar Gana kuma ha-GH. Da aka sa ta, Ɗ ya zauna bayan D, Ƙ bayan K. Muka yi hamdala.

Sa'an nan wata ta taso. A ƙa'idar Hausa sh harafi guda ne, ts ma haka. Sai Shehu ya koma bayan Sule, Tsoho bayan Tukur. Waɗanda suka yi makarantar Turanci suka ce kuskure ne. Ba kuskure ba ne. Kowane harshe da jerinsa: mutanen Suwidin suna sa ö bayan z, Jamusawa kuwa suna haɗa shi da o. Masu harshen Sifen ma sun daɗe suna ware ch dabam, sai a 1994 suka mai da shi cikin c. Mu dai mun zaɓi jerin Hausa, tun da sunayen Hausa ne, ko da ya ke jikokinmu da yawa ba su taɓa rubuta ƙugiya ba.

Abu guda ya rage. Ɗanladin da aka rubuta ba ƙugiya yana riga Dauda, mai ƙugiya kuwa yana bayansa. Ran Jumma'a bayan an sauko za mu karanta sabuwar takarda. Kowa ya zo ya duba yadda aka rubuta sunansa kafin a fara zubi.