Kwana Uku a Ƙasar Dutse da Iyali

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana akawuna, da malaman makaranta, da malamanmu na zaure, labarin wata 'yar tafiya da muka yi da iyalina cikin babban hutun makaranta na damina, watau watan Agusta. Tafiyar ba ta da nisa, kwana uku ce kurum, amma ta bar mini wata magana wadda na ga ya kamata masu 'ya'ya su ji.

Ni akawu ne a wani ofis a Kano, amma asalin iyayena mutanen ƙasar Dutse ne. A makarantar Mishan na yi karatu, inda aka koya mana taswirar Urushalima da Kogin Urdun da garuruwan Ingila, har mu kan zana su da ka. Uwargida kuwa 'yar Islamiyya ce, ta san labarin Makka da Madina da Badar kamar yunwar cikinta. 'Ya'yanmu uku sun ɗebo nan, sun ɗebo can. To, amma ran da aka tambaye su ina ne Garu, sai suka tsaya kallon juna. Yaro ya san birnin da ke bayan teku, bai san garin da aka binne kakanninsa ba. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Da aka kawo shawarar tafiya sai gida ya rabu biyu. Tsohuwata, watau kakar yaran, ta ce ita ziyara za ta, ta ga masallatai da malamai, ta yi wa magabata addu'a. Yara suka ce su lilo su ke so. Aka yi ta ja, har uwargida ta raba gardama, ta ce safiya ta Hajiya ce, maraice na yara ne, kowa kuma ya raka ɗan'uwansa nasa ba tare da ɓata rai ba. A kan wannan sharaɗi muka shiga mota ran Jumma'a bayan sallar asuba.

Muka bi hanyar gabas, muka haye gadar Wudil, kogi ya cika ya batse. Ran nan kasuwa ke ci, sai ga garkunan shanu ana kora su zuwa kara, farare da jajaye, kowane da tozonsa yana rangaji. Na ce wa yara su dubi tozon nan da kyau, su riƙe shi a ka, zan tambaye su jibi. Daga nan muka miƙa, gero da dawa dama da hagun sun rufe ƙasa, har muka fara hango duwatsu sun taso tsakiyar fili, wani bisa wani, kamar an jera su da hannu. Ba sai an gaya wa mutum inda garin ya samo sunansa ba.

Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, sa'ad da aka cire jihar daga cikin Jihar Kano. Tun daga nan ta yi ta bunƙasa. An kafa mata Jami'ar Tarayya a 2011, an kuma buɗe filin jirgin sama a 2014, inda alhazan jihar su ke tashi zuwa ƙasa mai tsarki. Wanda ya tsaya a kan manyan titunan nan sai ya zaci garin jiya aka yi shi. Alhali kuwa littafin Tarihin Kano ya ambaci Dutse tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, ya kuma nuna ya auri 'yar Sarkin Dutse. Ya sake ambatonta a zamanin Kumbari, wajen 1731 zuwa 1743, sa'ad da Kano ta kai wa Sarkin Dutse Ada yaƙi. Tsofaffi kuma suna cewa wani maharbi ne ya fara zama wurin saboda yawan gada, shi ya sa a ke mata kirari da Dutse Gadawur.

Garu ita ce tsohuwar Dutse, tana can a lungun duwatsu, a nan kuma tsohuwar fada ta ke. Mai Martaba Sarkin Dutse na yanzu, Alhaji Hamim Nuhu Sanusi, ya gaji mahaifinsa marigayi Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi cikin 2023. Da muka hau wata 'yar tudu muka duba, sai na gane dalilin da ya sa mutanen dā suka zaɓi wurin. Duwatsu sun kewaye shi, mai kawo hari sai ya biyo ta mashiga ƙunci, na sama kuwa ya hango ƙurarsa tun daga nesa. Wani dattijo da muka tarar a inuwar masallaci ya ba mu labarin yadda jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara a 1804, ya iso nan, da yadda shugabannin jama'a biyu, Salihi da Musa, suka karɓi garin wajen 1807, lokacin da mulkin Alwali ya ƙare a Kano. Yana magana yana nuni da sandarsa. Babban ɗana, mai shekara 11, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ga shi ya tsuguna, yana tambaya, "Baba, ta wace kafa dawaki suka shigo?" Dattijo ya kama hannunsa ya kai shi ya nuna masa.

Sa'an nan muka bi Hajiya zuwa bakin makabarta inda iyayenta su ke kwance. Ita da uwargida da 'yar autarmu suka tsaya daga waje, mu maza muka shiga muka yi sallama da addu'a. Da muka fito ta dafa kan jikan nata ta ce, "To, maigidana, yau ka ga surukanka." Yaro ya yi dariya, ya ce, "Ai Hajiya, na sake ki tun bara." Ta ce sai ya biya ta kuɗin goron da ta ci asara. Da wannan raha muka sauko muka sami Jumma'a a babban masallacin gari.

Da la'asar ta yi sanyi yara suka ce a cika musu alkawari. Muka tafi wani wurin wasa cikin sabon gari, aka biya kuɗin shiga. Akwai lilo, da dawakin ƙarfe masu zagayawa, da 'yan motoci, da wani tudun roba da a ke hura wa iska yara su yi ta tsalle. Waɗansu injunan suna tsaye don ba wuta, sai da aka ta da janareta. Murnar da yara suka yi ba ta faɗuwa, ni kuwa ba na cikin masu cewa wasa ɓata lokaci ne. Yaron da bai yi wasa ba, zuciyarsa ba ta buɗewa ga karatu. Hajiya ma da ta zo tana gunaguni, ƙarshe ita ce ke ƙirga wa auta zagaye. Abin da na lura da shi kurum, irin wannan lilo akwai shi a Kano, akwai shi a Kaduna, akwai shi ko'ina. Da muka koma masauki, labarinsa bai kai sallar lisha ba ya ƙare, aka koma gardamar kafar da dawaki suka bi.

Kashegari Asabar muka ratsa Shuwarin, garin da kasuwarsa ta yi suna wajen dabino, muka saya muka cika leda. Ƙasar Dutse dai ƙasar dabino ce, har akwai tashar binciken dabino ta Gwamnatin Tarayya a can. Daga nan muka wuce wani ƙauye ta wajen Kiyawa, inda Hajiya ta ke da dangi, kusa da wata tsangaya. Almajirai sun ragu, domin da damina da yawa su kan koma noma, amma gardawa na nan. Alaramma ya karɓe mu da kyau. Ya buɗe gafaka ya fito da Alƙur'anin da ya rubuta da ka, warƙa warƙa, baƙi da tawadar da aka dafa a gida, wasulla da ja, alamun ayoyi da rawaya. Ya nuna wa yara yadda a ke fiƙe alƙalamin gamba, da yadda a ke wanke allo. Ɗana na biyu, wanda malamansa na boko ke kuka da rubutunsa, ya roƙa a ba shi ya gwada. Ya ja baƙi ɗaya, hannu na rawa. Alaramma ya ce masa, "Ɗan malam, kowa da haka ya fara." Da dare kuwa aka hura wuta, karatu ya tashi, muryoyi suka gauraye da kukan kwaɗi a fadama. Ni da na yi shekaru ina bugun takardu a ofis, ban taɓa ganin aikin hannu mai tsabta kamar na warƙoƙin nan ba.

Ran Lahadi muka yi sammako zuwa Birnin Kudu, kuma a nan ne maganar da na ke son yi ta fito fili. A duwatsun da ke gefen garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zanen dabbobi a jikin dutse, a ƙarƙashin inda ya yi rumfa, waɗanda mutanen dā suka yi tun ba a san wanda ya yi su ba. Labarinsu ya bazu a duniya cikin shekarun 1950. Wani Bature, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya zo ya duba su ya rubuta bayaninsu. Yanzu suna cikin kayan tarihin da Gwamnatin Tarayya ta ɗauki nauyin tsarewa. Na tambayi yara abin da suka gani. Auta ta ce, "Baba, shanun nan ba su da tozo." Haka ne kuwa. Shanun da aka zana waɗansu masu dogayen ƙahoni ne, waɗansu gajeru, amma ba irin na karar Wudil ba ne. Watau masu zanen sun rayu da wani irin shanu dabam da wanda Fulani su ke kiwo a ƙasar yau.

Mai yi mana jagora ya ɗauki wani ɗan dutse ya buga jikin wani falalen dutse, sai muka ji ya yi ƙara kamar ƙarfe. Ya buga wani gefe, murya ta sake. Duk inda a ke bugu ya lotsa ya yi santsi saboda hannuwan da suka shuɗe. Ya ce tsofaffi sun ba da labari cewa a dā a kan kawo amare wajen duwatsun nan kafin a kai su ɗaki, ana kiɗa ana waƙa. Waɗannan al'adu ne na kafin addini ya zauna da gindinsa, mu kuwa ba tabarruki muka je nema ba. Hajiya ta daɗe tana duban zanen, sa'an nan ta ce, "Allahu Akbar, ina masu shanu, ina shanun?" Malamanmu ma sun karantar da mu cewa duban kufan waɗanda suka wuce wa'azi ne. Yara kuwa suka karɓi dutsen kiɗa suka yi ta bugu, suka sami wani gangare mai sulɓi inda 'yan gari ke zamiya, suka bi sahu har wandunansu suka yi fari. A wuri guda tsohuwa ta sami wa'azinta, yara suka sami wasansu, ba a kuma raba safiya da maraice ba. Da azahar muka kamo hanya ta Kwanar Huguma zuwa gida.

Jama'a, ga abin da na ɗauko. Yaro ba ya ƙin tarihi, ba ya ƙin wurin ibada. Abin da ya ke ƙi shi ne a tsai da shi a rana a ce masa ya yi shiru. In ya sami mai nuna masa da sanda, in aka ba shi alƙalami ya riƙe, in aka bar shi ya taɓa abin da ya halatta a taɓa, shi da kansa zai manta da lilo. Amma masu nunin nan tsofaffi ne, kullum raguwa su ke yi. Zanen ma yana dusashewa, na kuwa ga inda waɗansu marasa tunani suka rubuta sunayensu da gawayi a jikin duwatsun. Ga kuma masu fasa dutse don gini, kasuwarsu sai ci ta ke yi yayin da garuruwa ke faɗaɗa. Dutsen da ya shekara ɗaruruwa yana amsa bugu, rana ɗaya ta isa a mai da shi tsakuwa.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, iyaye ma'aikata irina, kuɗin da mu ke kashewa a wurin lilo ran salla, mu ware rabinsa mu zuba mai a mota, mu kai yara garin kakanninsu, mu tafi da tsohuwa in tana da rai. Na biyu, malaman makaranta su sa ɗalibai su zauna da dattawan garinsu cikin hutu, su rubuto abin da suka ji, a tara a ajiye. Na uku, hukuma da masarauta su kafa alluna a waɗannan wurare da Hausa, boko da ajami, su ɗauki samarin gari a koya musu jagora, a kuma yi rumfa da ruwan sha da ɗan filin wasa daga gefe, don mai iyali ya ji daɗin yini. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, gani kuma ya kori ji.

In akwai wani daga cikin masu karatu wanda ya kai iyalinsa irin wannan ziyara a Haɗeja, ko Ringim, ko Kazaure, ko Gumel, ina fata ya rubuto mu ji, mu ƙaru da juna. Allah ya ja zamanin sarakunanmu, ya shirya mana zuriya, amin.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu, Kano.